An cire ƙarin da ke huhu, me ya kawo maganar kemo kuma?

Tambaya: Salam likita. An yi wa mahaifinmu tiyata an yanke ɓangaren huhunsa saboda ciwon daji, likitan ya ce ya cire ƙarin kakaf. Yanzu kuma an ce sai ya yi kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin ciwon daji. Ko akwai abin da ake ɓoye mana? (Wani ɗan'uwa daga Zariya)

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. Babu wani ɓoye-ɓoye. Likitan tiyata ya cire abin da ido da hoto suka gani ne. Amma tun kafin ranar aiki wasu ƙwayoyin cutar kan iya sulalewa ta hanyar jini, kuma ƙanƙantarsu ta wuce na'ura ta hango su. Su ake bi da kemo kafin su samu wurin zama.

Ba kowa ake ba ba. Sai an duba naman da aka cire: idan ƙarin ƙarami ne sosai kuma bai taɓa kaluluwa ba, yawanci ba a yi. An fi yi wa waɗanda ciwonsu yake mataki na 2 da farkon mataki na 3. Akan haɗa maganin kemo mai suna cisplatin da wani magani kamar vinorelbine, zagaye 4, kowanne mako 3, kuma an fi so a fara cikin mako 6 zuwa 8 bayan tiyata.

Amfaninsa fa? A 2008 an tattara sakamakon manyan gwaje-gwaje 5 da suka ƙunshi marasa lafiya 4,584, aka ga cikin kowane mutum 100, kemo ya ƙara kusan mutum 5 a kan waɗanda suke raye bayan shekara 5. Ba abin rainawa ba ne, amma a ganina bai kai a tilasta wa dattijon da ko bayi ba ya iya zuwa sai an riƙe shi ba. Ku zauna da Baba a yi maganar da shi, jikinsa ne. Sannan ku tambaya ko an gwada naman don neman wani sauyi a ƙwayar halittar da ake kira EGFR, domin masu wannan sauyi akwai ƙwayar osimertinib da ake sha shekara 3, sai dai tsadarta ba ta wasa ba ce.

Tambaya: Maigidana ya yi zagaye na farko kwana 9 da suka wuce, daren jiya jikinsa ya yi zafi. In sayo maganin maleriya? (Wata 'yar'uwa daga Maraɗi)

Amsa: A'a Hajiya, asibiti za ku tafi yanzu, ko da tsakar dare ne. Tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan kemo ne fararen ƙwayoyin jini masu yaƙar cuta suke faɗuwa ƙasa warwas, ƙaramar cuta sai ta kwantar da mutum cikin 'yan sa'o'i. Zafin jiki ya kai digiri 38, ko ana rawar sanyi, ba a jira gari ya waye. Kada ki ba shi farasitamol ya rufe zazzaɓin. Kuna shiga ki ce musu yana kan kemo.

Tambaya: Zan iya azumi ina kemo? Kuma yayata ta kawo mini jiƙo.

Amsa: Cisplatin yana wahalar da ƙoda, shi ya sa ake ɗura maka ruwa leda-leda ranar magani, ake kuma cewa ka yawaita sha a gida. Wuni babu ruwa, ga amai, ga zafin rana, haɗari ne. Addini ya yi wa marar lafiya rangwame, ka rama daga baya. Jiƙon a ajiye shi tukuna, haka ma ibuprofen da diclofenac na kemis, duk ƙodar suke ƙara wa nauyi.

Tambaya: Kunnena ya fara ƙara, yatsuna suna mutuwa. Dole ne in jure?

Amsa: Kar ka jure. Ka faɗa wa likitanka kafin zagaye na gaba, don wani lokaci lahanin ba ya komawa. Ana iya rage adadin maganin ko a bar cisplatin a koma wani maganin kemo mai suna carboplatin.