Hukuncin haɗa ruwan sigarin lantarki a gida

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, na daɗe ina shan sigari, daga baya na koma sigarin lantarki da niyyar in rage. Ruwan da ake zuba masa ya yi tsada ƙwarai, sai wani abokina ya ce ai ana sayen kayan haɗin daban-daban a haɗa a gida, har ma in riƙa sayar wa abokai. Ban taɓa haɗawa ba, kuma ina da mata da yara biyu ƙanana. Ya halatta in koya? Sannan na ji wai akwai giya a cikin kayan ƙamshin, to ina matsayin sallata?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya tun kafin ka sa hannu. Abin da nake gani shi ne bai halatta ka haɗa wannan ruwa a gidanka ba, sayar da shi kuwa ya fi muni. Ga dalili.

Ba a yanke hukunci a kan abu sai an san mene ne shi. Wannan na'ura wani mai haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, Hon Lik, ya ƙirƙiro ta a 2003. Ruwanta abu huɗu ne a galibi: gilisarin, da wani sinadari mai suna furofilin gilaikol, da kayan ƙamshi, da nikotin. Na'urar tana dafa su, mutum ya zuƙi hayaƙin zuwa huhu. Masu cewa tururin ruwa ne kawai ba su faɗi daidai ba.

Nikotin shi ne babban abin tsoro ga mai haɗawa. Wanda ake sayar wa masu haɗin gida ba irin na cikin kwalbar kanti ba ne, tataccen gaske ne, wani yakan kai miligiram 100 a kowace mililita. Dokar Tarayyar Turai kuwa ta hana ruwan da za a sayar wa mai sha ya wuce miligiram 20 a mililita, kwalbar ma kada ta wuce mililita 10. Wato za ka ajiye a ɗakinka abin da ya ninka iyakar har sau biyar. Guba ce da take ratsa fata idan ta zube a hannu, kuma kaɗan daga cikinta ta isa ta kashe ƙaramin yaro. A watan Disamba na 2014 wani yaro ɗan shekara ɗaya ya rasu a jihar New York ta Amurka bayan ya sha ruwan nikotin a gida, daga baya ƙasar ta yi dokar tilasta murfin da yaro ba zai iya buɗewa ba. Kai kuma ka ce kana da yara biyu ƙanana, ga ruwan yana ƙamshin mangwaro ko alewa. Annabi (SAW) ya ce kowannenku makiyayi ne, kuma za a tambaye shi a kan abin kiwonsa. Rangwamen kuɗi ba zai zama amsa ba ranar da aka tambaye ka a kan waɗannan yara.

Sai kayan ƙamshi. Abin da ciki yake karɓa ba lallai huhu ya karɓa ba. Akwai sinadarin dayasitil mai ba da ɗanɗanon man shanu, ana cin sa a abinci, amma shaƙarsa ta lalata huhun ma'aikatan masana'antar gugguru a Amurka. A 2019 kuma wata cutar huhu ta ɓarke a can tsakanin masu zuƙar wannan na'ura. Zuwa Fabrairun 2020 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta ƙirga mutum 2,807 da aka kwantar, 68 suka mutu. Adalci shi ne in faɗa maka cewa mafi yawansu ruwa mai sinadarin wiwi suka sha, wanda aka sirka da wani nau'in man bitamin E, ba ruwan nikotin zalla ba. Sai dai ka duba inda aka samo shi: galibi daga hannun abokai da 'yan bayan fage, mutanen da suka zuba abin da suke zaton ba ya cutarwa, babu wanda ya gwada. Wannan layin ne abokinka yake kiran ka ka shiga.

Allah yana cewa: "Kada ku jefa kanku da hannayenku zuwa ga halaka" (Baƙara, 195), yana kuma cewa: "Kada ku kashe kanku, lalle Allah Mai jin ƙai ne gare ku" (Nisa'i, 29). A hadisin da Imam Malik da Ibn Majah suka ruwaito: "Babu cuta, babu cutarwa." Wani zai ce ai malaman da ma sun yi saɓani a kan taba. Haka ne. Ahmad Baba na Timbuktu da Aliyu al-Ujhuri na Masar sun halatta ta, Ibrahim al-Laƙƙani ya hana, dukansu Malikiyya ne. Amma waɗanda suka halatta sun dogara ne da cewa ba ta gusar da hankali, a lokacin da cutarta ga jiki ba ta tabbata ba. Yau ta tabbata, hukunci kuwa yana tafiya ne tare da dalilinsa. Game da ta lantarki, majalisar fatawa ta ƙasar Malesiya ta haramta ta a 2015, ƙungiyar Muhammadiyya ta Indonesiya ma ta yi haka a 2020. Ga wanda bai taɓa shan sigari ba, ni ma ban ga ƙofar halacci ba, domin saya wa kai jaraba ne da ɓarnar dukiya.

Halinka kai ya ɗan bambanta, kuma ba zan ɓoye maka ba. Hukumar lafiya ta Ingila ta ce a 2015 sigarin lantarki ya fi na ganye sauƙin cuta nesa ba kusa ba, kuma akwai binciken da ya nuna yana taimakon wasu su daina, ko da yake Hukumar Lafiya ta Duniya tana gargaɗi a kansa. Don haka ba zan ce ka jefar da shi yau ka koma wa karan sigari gobe ba. Ƙa'ida ita ce a ɗauki mafi sauƙin cuta biyu. To amma larura ana auna ta ne gwargwadonta. Rangwamen da kake da shi na mai hanyar fita ne: ka ga likita, ka tambaye shi cingam ko filastar nikotin, ka sa wa kanka ranar dainawa, kana ragewa. Haɗin gida bai shiga wannan rangwame ba, domin abin da ya kai ka gare shi tsada ce. Wanda ya sayi kayan awo ya tara kwalabe, shirin zama yake yi, ba shirin bari ba. Ita tsadar nan ma taimako ce a gare ka, ka bar ta ta yi aikinta.

Sayarwa haramun ce. Taimakekeniya ce a kan zunubi, wadda aya ta 2 a Suratul Ma'ida ta hana, kuma mai saye bai san abin da ke cikin kwalbar ba, kai ma ba ka da hanyar tabbatarwa. In wani ya cutu ta hannunka, alhakinsa yana wuyanka.

Batun giya: gaskiya ne ana narkar da wasu kayan ƙamshi da sinadarin barasa, amma ɗan kaɗan ne, ruwan ba ya sa maye. Sallarka ingantacciya ce, kuma zuƙar ba ta warware alwala. Inda ya taɓa jikinka ko tufarka ka wanke don fita daga saɓanin malamai a kan najasar barasa, ka kuma wanke baki kafin ka shiga sahu. Azumi kam tana karya shi.

Idan ka riga ka sayi tataccen nikotin, ka fitar da shi daga gidan yau, ka tambayi mai kantin magani yadda za a zubar da shi. In ya zube a fata a wanke da ruwa mai yawa da sabulu. In kuwa yaro ya sha, kada a sa shi amai, kada a tsaya ba shi madara ko manja, a garzaya asibiti tare da kwalbar.

Allah ya yaye maka, ya tsare maka iyalinka. Wallahu a'alam.