Amsa ga mai tambayar kwanciyar gefe a gadon lilo

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da dare. Ku yi haƙuri da ƙarar janareta, na maƙwabta ne. Malam, na ji muryarka tun bayan la'asar, ina kan hanya ne shi ya sa ban amsa ba. Ka ce kai ba ka iya barci a rigingine, sai ta gefen dama kamar yadda ka saba tun kana yaro, ga shi kuma sunna ce, to ko mutum zai iya kwana haka a gadon lilon nan na yadi da ake ratayawa tsakanin bishiya biyu, wanda muke zuwa daji da shi, hamok ɗin, ko kuwa ka ɗauko tanti kawai. To ni na gane inda ka dosa. So kake in ce maka wancan mai arahar da ka turo hotonsa shekaranjiya ya isa. Bai isa ba, kar ka saya. Na duba ƙasan hoton, tsawonsa mita 2.7 ne, kai kuma ka fi ni tsawo.

Ana kwanciya ta gefe, sosai ma, ni haka nake kwana. Amma sai gadon yana da tsawo. Nemi mai ƙafa 11, wato mita 3.3 da 'yan kai. Faɗi ba shi ne maganar ba. Wannan faɗin da shi aka yaudare ni, kuma har yau abin yana min ciwo. Mai shagon nan ya ce min, Alhaji ai wannan na mutum biyu ne, ka ga faɗinsa? Ya ware shi a gabana, na ga yadi har da ragowa, na biya. Ban tambayi tsawo ba. Ashe faɗin banza ne, yadin ya taso ta gefe da gefe ya rufe maka fuska kamar an naɗe ka a zani, ƙafa kuma ba ta da inda za ta miƙe. Da na koma masa sai cewa ya yi wai ni ne ban iya kwanciya ba. Shekara nawa ina kwanciya a duniya, shi zai koya min! To bar wannan.

Abu na biyu, kuma nan ne kowa yake kuskure, ɗauri. Mutanenmu da sun ga igiya da bishiya biyu sai su tuna igiyar shanya, a ja, a ja, sai ta yi tsam. A tunaninsu idan ya miƙe sosai zai zama kamar katifa. Akasin haka ne. Kana shiga, gefe biyun nan za su matse maka kafaɗu, ka lanƙwashe kamar ayaba, juyawa ma ta gagara. Sassauta shi za ka yi, ya yi ciki. Madaurin da ya taso daga bishiya ya sauko da kusan digiri 30. Ba sai ka nemo ma'auni ba: miƙa ɗan ali a kwance, ka ɗaga babban yatsa sama kamar yara suna wasan bindiga, layin da ya tashi daga kan babban yatsa zuwa kan ɗan ali, kusan haka gangaren zai kasance. Kuma ba don daɗi kaɗai ba. Idan nauyinka kilo 80 ne, a digiri 30 kowane madauri kilo 80 yake ɗauka. Ka ja shi ya koma digiri 10, ya zama kusan 230. A digiri 5 ya haura 450. Shi ya sa kake jin wani ya faɗo tsakar dare yana zagin kamfani, alhali shi ya tsinka kayansa.

Sai kwanciyar kanta. Kar ka kwanta a miƙe daga bishiya zuwa bishiya. A karkace za ka kwanta. Ka shiga, ka kai kanka gefe ɗaya, ƙafafunka ɗaya gefen, kusurwa zuwa kusurwa. Kana yin haka za ka ji yadin ya buɗe a ƙarƙashinka ya shimfiɗe, bayanka ya miƙe. Daga nan sai ka juya. Ni da nake kwanciya ta dama, kaina nake kaiwa bakin dama, ƙafafu hagu, fuskata tana kallon waje, ba ta cusa cikin yadi ba. Wannan ba dabarar Turawa ba ce ma. Mutanen Brazil da gadon lilo ne gadonsu na kullum haka suke kwanciya. Jiragen ruwan da ke bin kogin Amazon daga Belem zuwa Manaus, kwanaki ake yi a hanya, kowane fasinja da nasa gadon a rataye, har da tsofaffi da masu goyo. Kana jin duk a rigingine suke kwana?

A'a, tsaya, na manta abu ɗaya tun a wajen ɗauri. Ka ɗaura ɓangaren ƙafa sama da na kai da kamar taƙi ɗaya, santimita 20 zuwa 30. Kar ka ji tsoro wai jini zai taru maka a ka. Nauyin mutum a ƙirji da ƙugu yake, idan ka daidaita su ɗaya sai ka yi ta zamewa tsakiya cikin barci, ka farka ƙafafunka suna sama. Sannan idan ka zauna a bakinsa, tafin ƙafarka ya taɓa ƙasa kamar kana kan kujera. Ya fi haka nisa, ranar da ka faɗo za ka yi bayani.

Ni duk wannan a Mambila na koye shi, ta hanyar da ba na yi wa kowa fata. Waɗanda muka je tare suna cikin wannan zauren namu na waya, suna ji na, ba zan kama suna ba. Mun yada zango wajen Nguroje, cikin itatuwan turaren nan dogaye. Wani bawan Allah ya ce bari ya taimake ni, shi ya iya ƙulli tun yana ɗan sikawut. Ya sa ƙafa a jikin bishiya ya ja madaurin nan iya ƙarfinsa, har yana buga shi da hannu yana cewa ka ji, kamar ganga. Ga gado gajere, ga ɗauri kamar tsirkiya. Na shiga, na yi addu'ar barci, na ce bari in juya dama. Ina! Kafaɗata ta shige ƙarƙashina, gwiwar sama ta danne ta ƙasa, wani layi mai tauri a tsakiyar yadin ya tokare min sha-raɓa. Ƙarfe biyu na dare hannuna ya mutu, ba na jin yatsuna. Ga sanyi yana shigowa ta ƙasa kamar an kwantar da ni a kan ƙanƙara, bargo biyu na rufa amma duk a sama suke. Ƙarshe a ƙasa na kwana, kan dardumata, raɓa tana zuba. Da asuba mutumin nan ya tashi yana miƙa, wai Yaya ya ka ji aikin hannuna? Wallahi har yau bai ba ni haƙuri ba. Kuma yana nan yana sauraro, na ga koren ɗigon da ke nuna yana kan layi.

To maganar sanyin nan kar ka raina ta, musamman mai kwanciyar gefe, don kafaɗa da ƙugu su ke danne yadi, duk abin da ka shimfiɗa a ƙarƙashinka sai ya lotse ya daina riƙe zafi, iska kuma tana wucewa ta ƙasa. Akwai bargon da ake ratayawa ta waje, ƙarƙashin gadon, ya rungume shi, shi ne magani. Idan babu, 'yar siririyar katifar soso ta zango ta yi, sai dai takan zame idan kana juyi. A nan gida lokacin zafi ba ka bukatar ko ɗaya, gidan sauro kawai. Lokacin hunturu ko a tudu irin Jos da Mambila, dole.

Filo kuma, kar ka ɗauko na ɗakin Hajiya. Gadon da kansa yana ɗan ɗaga kai, babban filo karya maka wuya zai yi. Ƙarami ya isa. Wanda ya fi amfani shi ne na tsakanin gwiwoyi. Ni rigar sanyina nake naɗewa in sa, in ɗan tanƙwara ƙafafu, shi ke nan ƙugu ya huta.

Akwai kuma igiyar da ake ɗaurawa daga wannan kan gadon zuwa wancan, ta sama. Tsawonta wajen kashi 83 cikin ɗari na tsawon gadon, a mai ƙafa 11 ya kama kusan mita 2.8. Amfaninta, ko bishiyoyin sun yi nisa ko sun yi kusa, cikin gadon ba ya canzawa. Da ina da ita a Mambila, da ɗan sikawut bai... kai, bar shi dai.

Wani zai ce me ya sa ban ambaci masu sanda ba. Akwai su, waɗanda ake sa wa sanda a kai da ƙafa su buɗe kamar gadon asibiti, irin Ridgerunner na kamfanin Warbonnet a Amurka, da Draumr na Amok, 'yan Norway, wanda ake kwanciya a gicciye kan katifar iska. Ga mai kwanciyar gefe sun fi, ba musu. Amma kuɗinsu da na kawowa, Malam, kai da kake neman mai araha, kar mu ɓata wa juna lokaci.

Abu ɗaya ka kula: masu haɗe da gidan sauro, wasu an ɗinka su da karkata ɗaya tilo, kai hagu ƙafa dama ko akasin haka, ba ka iya sauyawa. Ka tambaya kafin ka biya. In ka samu wani, turo min hoton wajen da aka rubuta tsawo, ba hoton mutumin da ke murmushi a ciki ba. Ko ka zo ranar Asabar ka ari nawa, akwai darbejiya biyu a ƙofar gida, ka gwada barcin rana. Bari in tsaya, batirina ya yi ja.