Tambaya da Amsa: An ƙwace min mota da bindiga, inshora za ta biya ni?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, dan Allah ina neman shawara. Ranar Talatar da ta wuce bayan isha'i na dawo daga shago, na tsaya a ƙofar gida ina jiran yaro ya buɗe min get sai ga mutum uku a kan babur ɗaya, ɗayansu ya ɗora min bindiga a wuya ya ce in fito, haka suka tafi da motar ina ji ina gani, Corolla ce 'yar Kwatano ko shekara biyu ba ta yi a hannuna ba. Takardun duk suna ciki har da ta inshora da na biya naira 15,000 lokacin sabunta takardu. Abokina ya ce tunda ina da inshora kamfani zai biya ni. Gaskiya ne? Daga mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Sannu Malam, Allah ya kiyaye gaba ya mayar maka da mafi alheri, kuma ka yi daidai da ba ka yi gardama da su ba. Toh amma ba zan ɓoye maka ba, abokinka ya so kwantar maka da hankali ne kawai. Wannan ta naira 15,000 ita ce ake cewa tad fati, kuma ba don motarka aka yi ta ba, don wanda za ka yi wa ɓarna ne. In ka daki motar wani ko ka rushe katangar wani kamfani zai biya shi har zuwa naira miliyan 3, in kuma ka ji wa mutum rauni ko aka rasa rai shi ma zai biya, amma wannan iyakar ta miliyan 3 ta ɓarnar dukiya ce kawai. Da can kuɗinta naira 5,000 ne, iyakar biyan kuma miliyan 1, sai hukumar inshora ta ƙasa wato NAICOM ta ɗaga su daga 1 ga Janairun 2023. Sata ko gobara ko haɗarin da ya lalata taka motar, sam ba ruwan tad fati. Mu dai yawancinmu muna yankarta ne don kar a tsare mu a shinge, balle tun Fabrairun 2025 da 'yan sanda suka matsa da duba ta, shi ya sa mutum sai ya yi shekara goma yana biya bai taɓa karanta abin da ke jikin takardar ba.

Duk da haka kar ka zauna. Ka je caji ofis mafi kusa da inda abin ya faru ka shigar da rahoto ka karɓi takardar shaida a hannunka, domin ɓarayin nan suna iya yin wani aikin da motar, in aka bi lamba ƙofar gidanka za a zo. Ka je kotu ka yi rantsuwar ɓatan takardu. Lambar shasi da ta inji su ne abin nema, lambar mota minti biyar ake cire ta, in ba ka da su a rubuce ka koma wurin dilan da ya sayar maka ko ofishin da suka yi maka rajista.

Tambaya: Malam ni inshorar gaba ɗaya na yi wa motata, wadda ake cewa kwamfirihensif, duk shekara ina biya ba fashi. An sace ta a wurin biki, na yi fakin a layi na shiga, fitowar da zan yi wayam. Yau wata uku ke nan kamfanin suna ta min yawo da hankali, yau su ce in kawo safayar makulli, gobe su ce rahoton 'yan sandan da na kai bai isa ba, kuma wai ko za su biya ba kuɗin da motar take yi yanzu za su ba ni ba. Wannan ba cuta ba ce? Daga wata mai karatu a Kano.

Amsa: Hajiya ki yi haƙuri, na san da ciwo, amma wasu abubuwan da suka nema ba wai sun ƙirƙiro su ne don ke ba. Maganar makulli, so suke su tabbatar ba a bar shi a jikin mota ba, kuma ba mai motar ce ta miƙa wa wani ba. Wanda aka ƙwace wa da bindiga an san makulli ɗaya ya tafi da ɓarayi, safaya kawai zai kawo, ke kuwa da aka ɗauke a wurin fakin dukka biyun za su so gani. In ɗaya ya ɓata tun da daɗewa ki faɗa musu gaskiya a rubuce, kar ki je a yanko miki sabo a kasuwa ki kai, suna ganewa, kuma ƙarya ɗaya tana iya rusa duka biyan.

Rahoton 'yan sanda kuma iri biyu ne, akwai na farko da ke cewa kin kai ƙara, akwai na ƙarshe da ke cewa an bincika ba a ga mota ba, shi ne kamfani ke jira kuma shi ne ke cin lokaci, sai kin riƙa bibiyar jami'in da ke riƙe da fayil ɗin da ƙafarki. Ki haɗa da rasit ɗin sayen mota, takardun kwastan, shaidar mallaka da lasisin tuƙi, duk abin da kika miƙa ki riƙe kwafi su buga miki hatimin karɓa da kwanan wata.

Yanzu ga inda ya fi zafi, wato kuɗin. Ki ɗauko takardar yarjejeniyar ki duba adadin da aka rubuta a matsayin darajar motar. Ƙa'idar NAICOM ita ce kuɗin wannan inshorar kar ya gaza kashi 5 cikin 100 na wannan adadin, kin ga motar miliyan 8 za a biya mata aƙalla naira 400,000 a shekara. Abin da mutanenmu ke yi, wani ya rage darajar da gangan don kuɗin ya sauka, wani kuma ya bar ta yadda take tun ranar da ya saya yana ta sabuntawa a haka, alhali tun da naira ta faɗi a 2023 motocin Beljiyam suka yi tashin gwauron zabi. Kamfani ba zai wuce adadin da ke rubuce ba ko da motar ta ninka a kasuwa, sannan akwai wani ɗan kaso da yarjejeniya ta ce mai mota ne zai ɗauka, shi ma sai an cire. Ki duba kuma ko sun sa sharaɗin tiraka, wato na'urar da ke nuna inda mota take, in sun sa kuma kin bar kuɗinta ya ƙare toh nan za su laɓe. Haka in a takarda motar gida ce amma ƙaninki yana fita kabu-kabu ko Bolt da ita.

In duk kin cika waɗannan suna ci gaba da jan ƙafa, daina kiran waya, rubuta musu wasiƙa ki nemi su ba ki amsa a rubuce, in ƙin biya za su yi su faɗi dalili. In shiru ki kai koke NAICOM, suna da sashen karɓar ƙorafi. Kar ki sa hannu a takardar sallama sai kin gamsu da adadin da ke ciki, domin sa hannun yana nufin kin yarda magana ta ƙare. Kuma ki sani in an biya ki daga baya motar ta bayyana, ta zama ta kamfani, sai dai ku daidaita ki mayar musu da kuɗinsu ki karɓi abarki.

Tambaya: Malam direbana ne ya gudu da motar, wannan ma sata ce ai ko? Sannan ni zuciyata ba ta kwanta da inshora ba ta fuskar addini. Daga mai karatu a Gusau.

Amsa: Alhaji a wurin 'yan sanda laifi ne babba, amma a wurin inshora yarjejeniyoyi da yawa suna cire satar da ɗan gida ko ma'aikaci ya yi tunda kai ka ba shi makulli da hannunka, sai ka duba taka a sashen abubuwan da ba sa biya. Batun addini kuma akwai takaful, wanda mahalarta ke zuba gudummawa a asusu ɗaya a taimaki wanda asara ta faɗa wa, in an samu rara a raba, kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful suna yi wa motoci kuma NAICOM ce ta ba su lasisi. Ko wacce ka yanka dai ka danna *565*11# a wayarka ka sa lambar motar ka ga ko ta fito, don takardun bogi sun yi yawa a hannun masu yi wa mutane sabunta takardu a bakin ofis.