Ciwon sukari da tuƙa kwalekwale a teku

Tambaya: Likita, ina da ciwon sukari kuma ina yin allurar insulin. Na fara atisayen tuƙa ƙaramin kwalekwalen nan na mutum ɗaya da ake kira kayak a gaɓar tekun Legas, kuma burina in riƙa yin doguwar tafiya. Me ya kamata in kiyaye?

Amsa: Malam, ciwon ba zai hana ka ba, amma babban hatsarin shi ne faɗuwar sukari, domin tsokar da ke aikin filafili na tsawon sa'o'i tana zuƙe sukarin jini, insulin kuma yana ƙara saukar da shi. Idan awon sukarin jini ya yi ƙasa da 70 mg/dL, ko ka ji rawar hannu, zufa da jiri, ka sha giram 15 na sukari mai saurin shiga jini, ka sake aunawa bayan minti 15. Ka ajiye ƙwayoyin gulukos, wato irin wannan sukarin, a aljihun rigar ceto, inda hannu ɗaya zai kai ba sai ka juya ba, domin igiyar ruwa ba ta jira a buɗe jaka.

Ka busar da yatsa kafin awo, saboda ruwa yana sirka ɗigon jinin ya ba da sakamakon ƙarya. Zafin rana yana lalata insulin, don haka ka sa shi cikin jaka mai sanyi wadda ruwa ba ya shiga.

Sukari kan iya faɗuwa da dare bayan atisaye, don haka ka auna kafin barci. Rage yawan allura a ranar tuƙi sai da shawarar likitanka, kuma a ganina bai dace ka fita ba sai tare da abokin tafiya wanda ya san alamomin.