Amsa ga mai tsoron kada yara su manta da babansu

'Yar'uwa, Allah Ya jiƙan maigidanki, Ya ba ki haƙuri. Kin ce kin fita takaba, yaran ƙanana ne, kina tsoron su tashi ba su san wane ne babansu ba.

Ni ma na yi zaman nan na wata 4 da kwana 10 a Jekadafari, nan Gombe, kuma babu abin da ya taimake ni kamar abokan maigidana. Muslim ya ruwaito hadisi daga Ibn Umar cewa yana daga mafi girman biyayya mutum ya sada zumunci da masoyan mahaifinsa. Saboda haka duk Sallah nakan shirya yara su je gaida amininsa da suka yi shekaru suna kasuwancin hatsi tare. A bakinsa suka ji cewa babansu ya daɗe yana biya wa marayun wani maƙwabci kuɗin makaranta. Wallahi ni da nake matarsa ban taɓa sani ba. Ranar da babban ya dawo ya ba ni labarin, sai da na shiga ɗaki na yi kuka.

Da aka zo rabon gado, na roƙa hularsa da Alƙur'aninsa su faɗo a kason yara. Har yau autan yakan ɗauki hular ya shinshina.

Sannan ki riƙa kiran sunansa a addu'a da ƙarfi, su ji su ce amin. Mu mun ajiye randa a ƙofar gida sadaka gare shi, yaran ne ke cika ta kullum da safe kafin su tafi makaranta.