Hukuncin ƙara kuɗin haya idan gidaje sun yi wuya

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ina da gidajen haya guda huɗu a wata sabuwar unguwa a gefen gari. Lokacin da na gina su, ni nake neman 'yan haya. Yanzu an zuba kwalta, an jawo wuta, mutanen da tsadar haya ta koro daga cikin gari suna ta kwararowa, samun gida ya zama aiki. Dillali ya ce akwai wanda zai biya kusan ninki biyu a gidan da wani malamin makaranta yake ciki, kuma saura wata biyar kuɗinsa ya ƙare. Zan iya mayar masa da ragowar kuɗinsa ya tashi? Sannan masu gidajen layinmu sun ce duk gidan da aka fita mu rufe shi har farashi ya ƙara hawa. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a dukiyarka.

Haya ciniki ce, sai dai amfanin gida ake sayarwa na wani wa'adi, ba ginin ba. Asalin ciniki kuwa yardar juna ne, kamar yadda ya zo a aya ta 29 ta Suratun Nisa'i. Shari'a ba ta yanka wa riba wani adadi ba, kuma a kan haka Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta tsaya a zamanta na Kuwait a 1988. Da farashi ya tashi a Madina aka nemi Annabi (SAW) ya ƙayyade shi, bai yi ba, ya ce Allah ne mai sanya farashi, kamar yadda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito daga Anas. Saboda haka idan hanya ta gyaru, masu nema suka yi yawa, gidaje suka yi kaɗan, ka ƙara kuɗi a sabuwar yarjejeniya, ba ka ci haram ba.

Malamin makarantan nan kuwa, ba ka da ikon tayar da shi. Ranar da ka karɓi kuɗin shekara ka miƙa masa mukulli, zaman gidan na wata goma sha biyu ya fita daga hannunka ya koma nasa. Wata biyar ɗin da dillali yake maka talla a kansu, kayan wani ne. Allah ya ce a farkon Suratul Ma'ida: "Ya ku waɗanda suka yi imani, ku cika alkawura." Malaman Malikiyya sun bambanta hayar da aka yanka wa wa'adi, wadda take ɗaure mutum biyun duka, da ta wata-wata da ba a ambaci ƙarshenta ba, wadda kowa zai iya janyewa, sai dai gwargwadon abin da aka riga aka biya. Taka ta haɗa duka biyun, ga wa'adi ga biya. Ibn Abi Zaid ya faɗa a Risala cewa ko mutuwar ɗan haya ba ta warware ta, to ina ga kwaɗayin ƙari.

Ƙofa ɗaya ce a buɗe: ka je ka same shi, ka gaya masa gaskiyar lamarin, ka yi masa tayin ragowar kuɗinsa da wani abu a kai. In ya yarda da daɗin ransa ya halatta, majalisar da na ambata ta halatta irin wannan biyan matuƙar wa'adi bai cika ba. In ya ce a'a, magana ta ƙare. Yanke masa ruwa, ko ƙin gyara rufin da yake yoyo, ko aike kullum don ya gaji ya kwashe kayansa, duk fitarwa ce ta bayan fage, zunubinta ɗaya da ta gaba da gaba.

Shi ma dillalin ka bincike shi. La'ada halal ce, Bukhari ya kawo cewa Ibn Sirin da Aɗa'u da Hasan ba su ga laifinta ba. Amma da yawa mai ninki biyun nan a bakin dillali kaɗai yake zaune, ana ambatonsa don a tsorata wanda yake ciki ya ƙara. Wannan ɗan'uwan najashi ne da aka hana, wato cusa tayin ƙarya don a ɗaga farashi.

Shawarar masu gidajen layinku kada ka shiga cikinta. Tsadar da hadisin Anas yake magana a kai ita ce wadda ta zo da kanta. Ku kuma kuna son ku haɗa baki ku ƙirƙiro ƙaranci, gidaje a kulle, masu iyali suna yawo da kaya a ka. Muslim ya ruwaito daga Ma'amar cewa babu mai ɓoye kaya sai mai saɓo. Wasu malamai sun taƙaita wannan ga abinci, amma Imamu Malik ya faɗaɗa shi ga duk abin da riƙe shi yake cutar da kasuwa, haka ma Abu Yusuf, kuma wannan ne nake rinjayarwa, don buƙatar matsuguni ba ta gaza ta abinci ba. Ibnul Ƙayyim ma ya ce idan mutane suka matsu ga gidan wani, ba su da wani sai shi, dole ya ba su, kuma ba zai karɓi sama da hayar da aka saba ba. Wanda ya rufe nasa don gyara ko don ɗansa da zai yi aure, wannan ba ya ciki. Idan kuma hukumar inda kake ta sa doka a kan yawan ƙari ko tsawon notis don kare mutane, bin ta ya zama wajibi.

In wa'adin malamin ya kusa, sanar da shi sabon farashi tun da sauran lokaci, ka fara yi masa tayi kafin baƙo. Da ni ne zan rage masa a kan abin da kasuwa take bayarwa, don Annabi (SAW) ya roƙa wa mai sauƙi a saye da sayarwa rahama, kuma ɗan hayar da yake biya a kan kari, bai taɓa fasa maka ko tagar gilashi ba, ya cancanci a duba shi. Wannan ragin falala ce, ban wajabta maka ba.

Wallahu a'alam.