Amsa: Yadda Megadeth ta fito daga cikin Metallica

Malam, ka tambaya ko da gaske ne wanda ya kafa Megadeth ɗan Metallica ne a da. Gaskiya ne: Dave Mustaine ne, kuma Metallica da Megadeth duka ƙungiyoyin kiɗan heavy metal ne na Amurka, wato kiɗan jita mai ƙarfin sauti. Lars Ulrich mai ganga da James Hetfield ne suka kafa Metallica a Los Angeles a 1981, Mustaine kuma shi ne mai jitar gaba. A watan Afrilun 1983, suna New York ana shirin ɗaukar kundin waƙoƙinsu na farko, suka sallame shi saboda yawan shan giya da faɗa, suka sa shi a motar bas zuwa California. Kirk Hammett na ƙungiyar Exodus ya maye gurbinsa. Duk da haka, waƙoƙi huɗu na wannan kundi suna ɗauke da sunan Mustaine cikin marubuta.

A shekarar ce Mustaine ya kafa Megadeth tare da David Ellefson mai jitar bas. Kundinsu na farko, na 1985, sautinsa bai fita ba, kuma dalilin a fili yake: kamfanin fitar da waƙoƙi na Combat ya ba su dala 8,000, kaso mai yawa ya tafi a ƙwaya da giya, suka kori furodusa suka ƙarasa aikin da kansu. In za ka saurara, nemi wanda aka sake gyara sautinsa a 2002, a nan ne za ka ji saurin hannun Mustaine sosai.